Soron Jemagun Kawu Ummaru

Duk wanda ya san Kawu Ummaru a Gulma ya san tabarmarsa. Rana na yin ja zai shimfiɗa ta a ƙofar tsohon soron gidansa, ya jira jemagu su fito, yana ce musu a dawo lafiya kamar masu tafiya fatauci. Ni ma sai da ya sa na rubuta masa da ajami a bangon soron: nan ba gidan kusu ba ne.

Abin ya samo asali ne daga Sani mai kifi, wanda ya taɓa cewa ai jemage kusu ne, wato ɓera, da ya tsufa ya yi fiffike. Kawu ya zaunar da shi, ya yi masa bayani cewa kusu ɗiya rututu yake zubarwa, ya bi buhun shinkafa da haƙori, macen jemage kuwa ɗa guda take haifa, ta manna shi a ƙirji tana ba shi nono, ta kuma rage mana sauro.

"To kai, Sani," in ji shi, "ka taɓa ganin kusu da goyo?"

Sani bai janye ba. Kawu ya daina sayen kifinsa, sai dai ya aike ni in sayo a wurinsa.

Matarsa Inna Hajo kuwa wari ne ya dame ta. Shi ko ya share kashin jemagun ya kai gonar albasa, ya ce bai taɓa jin ta yi ƙorafi a bakin tukunya ba.

Babbar rigimar da ɗansa Bello ce, ma'aikaci a Birnin Kebbi, mazaunin unguwar Gesse. Bello ya zo da magini zai rushe soron ya yi na siminti, don bangon ya tsage. Kawu ya ce a dakata, jemagun suna goyo. Da Bello ya dawo bayan damina, suna goyo. Wata shekarar ma haka.

"Baba, wai su waɗanga ba su yaye ne?"

"Kai ma ka daɗe," in ji Kawu.

Bayan rasuwar Kawu, Bello ya sake zuwa da maginin. Muka shiga tare, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Can ya ce wa magini ya liƙe tsagar kawai, a hankali, suna goyo.

Allah, bawanka Ummaru ya tausaya wa abin da mutane suke ƙyama. Ka tausaya masa, ka yalwata kabarinsa.