Ruƙayya da Ƙarshen Labarin Ɗan Sarkin Ruwa

Shekara shida ke nan cif da aka kai ƙanwata Ruƙayya makwancinta a Danwarai. Ciwon sikila ne ya ɗauke ta tana da shekara ashirin da ɗaya. Har yau in kakar albasa ta zo, na ga matan gidanmu suna yanke ganye suna ware ruɓaɓɓu, sai in ji kamar muryarta za ta taso a cikinsu. Ina kewarta, ba kaɗan ba.

Ruƙayya ba ta iya aikin ƙarfi, don haka nata aikin shi ne yi wa masu aiki karatu. A shekarar da ta rasu, wata marubuciya ta ɗauki tatsuniyar yarinyar da ta auri ɗan sarkin ruwa, ta mayar da ita labarin soyayyar zamani, tana sakin shafi-shafi a waya. Masu bibiya suka rabu biyu: 'yan ruwa masu son ɗan sarki, da 'yan tudu masu son makiyayin da ya fara son yarinyar. Ruƙayya 'yar gani-kashe-nin tudu ce, kullum tana zauren masoya labarin a waya tana kare makiyayinta. Ni da nake koyarwa a Maiyama, in na zo gida sai in yi ta yi mata tsiya, wai an rasa abin yi wa faɗa sai mijin da babu shi. Takan ce in rufa wa kaina asiri, ai ni ma kunnena yana wurin. Da gaskiyarta kuwa.

Gwaggo Kulu, yayar babanmu, ba ta ruwa ba ta tudu. Duk ranar da aka saki shafi tambayarta ɗaya ce, ko yarinyar ta komo ta ga uwarta. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa. 'Yarta tilo, Asabe, ta bi mijinta fataucin albasa kudu tun muna yara, daga nan ba saƙo ba labari.

Shafin ƙarshe ya fito Ruƙayya tana kwance a asibiti a Jega, ni da Gwaggo muna jinya. Ta karɓi waya ta karanta da muryar da ake ji da ƙyar. An ɗaura aure da ɗan sarkin ruwa, 'yan tudu sun sha ƙasa. Sai ta ci gaba. Bayan wata biyu amarya ta ce ba ta ƙara kwana sai ta ga uwarta, mijin ya fito da ita bakin gulbi, ta tarar da tsohuwar tana tankaɗe, ta faɗa jikinta. Gwaggo ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, tana ta hamdala. Kwana huɗu bayan nan Ruƙayya ta cika.

Sai bayan arba'in na buɗe wayarta na karanta shafin da kaina. A wurin biki labarin ya ƙare, ko sunan uwar ba a ambata ba. Ashe Ruƙayya ce ta shirya sauran, idonta a kan waya, har tana jan yatsa kamar mai bin layi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Zauren nasu ya watse, masoyan sun koma wasu labaran da wasu rigingimun. An daina neman mai karatu, an mayar da labaran sauti, kowace mace ta toshe kunne da abin sauraro tana yankan ganye shiru. Ina jin da ta yi murna, don idanunta na saurin gajiya. Amma na san sai ta ce muryar cikin waya ba ta ganin fuskar mai saurare.

Ni kuwa aka bar ni da nauyi. Malama ce ni, na saba hana yara faɗin abin da babu a takarda. Na daɗe ina auna ko in gaya wa Gwaggo ko in bar ta. Bara ta ce in nemo mata labarin, tana son ta sake jin wurin nan. Na yi ta kwana-kwana, ta nace. Na kunna mata sautin. Mai karatun ya kai biki, ya yi sallama. Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Wanga bai iya karatu ba," in ji ta. "Ya ƙetare inda ɗiyat ta komo gida. Ke da kinka yi boko, karanta mini shi."

Na sa ido a kan waya, na fara. Na maimaita abin da Ruƙayya ta shirya, har wurin tankaɗen, na kai ƙarshe.

Ban sani ba ko Gwaggo ta gane, ban kuma tambaye ta ba. Asabe dai har yau shiru. Ruƙayya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba. Ta bar shafi ɗaya da ita kanta marubuciyar ba ta san da shi ba, kuma tun bara, in kakar albasa ta zo, ni ake kira in karanta shi. Allah ya jiƙan Ruƙayya, ya yafe mata, ni ma ya yafe mini.