Inna a Bangon Turawa

Shekarun baya, ina tsakiyar karatu a Bron, kusa da Lyon a Faransa, na haifi ɗana na fari, sai mahaifiyata ta taso daga Damagaram ta zo mini jego. Inna ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa, amma kafin mu yi arba'in ta yi ƙawa a benenmu: wata tsohuwar Baturiya mai zanen hotuna da muke kira Madam, ƙofarta na kallon tamu. Ƙamshin kunun kanwa ne ya fara jawo ta. Daga nan kullum tana ɗakinmu, su yi ta hira da hannu suna dariya.

Ni kuwa tun farko matar ba ta kwanta mini ba. Ina da dalili. Shekarar da na zo ƙasar, 'yan ajinmu sun ja ni wani gidan tarihi a Paris, na ga tsofaffin zanen Turawa. Bature a tsaye da littafi yana nuni da yatsa, baƙaƙe zube a ƙasa baki buɗe, kai ka ce ba su taɓa sanin komai ba sai ranar. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin bai bar ni ba. Tun daga nan in na ga zane, abin da nake fara dubawa shi ne wa ke tsaye, wa ke ƙasa.

Wata rana na dawo daga lakca na tarar da Madam duƙe tsakar ɗaki, ɗana a bayanta, Inna na koya mata goyo. Wai jikar Madam ce ke hana su sakat da kuka, shi ya sa take koyo. A kan kujera ga takarda da fensir, an zana rabin fuskar Inna.

Na ce, "Inna, kin san zana ki take yi?"

Ta ce, "To sai me? Cinye ni za ta yi?"

"Bango za ta kafa ki, Turawa su taru suna jin tausayinki."

"Ke dai tun kina ƙarama kin cika zargi. Miƙo mini majanyin can."

Na tambayi Madam me za ta yi da zanen. Ta yi murmushi ta ce ba ta nuna aiki sai ta gama. Wannan murmushin ya ƙara tsorata ni. Na koma leƙe. In ta buɗe ƙofa sai na miƙa wuya, amma kullum allon zanen na lulluɓe da ƙyalle. Har miya na taɓa kai mata ba don Allah ba, don dai in shiga. Ta karɓe a bakin ƙofa, ta yi mini godiya.

Ana nan sai ta ce za a baje zanenta a wani ƙaramin zaure a Paris, tana gayyatar mu. Maigidana ya ce in bar zancen. Na ce wallahi ba za a rataye uwata tana durƙuso gaban kowa ba, ko da hannuna sai na sauke shi. Muka hau jirgin ƙasa daga Lyon, ni ina ta shirya masifa cikin Faransanci, Inna na ta yi wa jikanta wasa tana kiransa maigidanta.

Muna shiga na hango zanen. Ga Madam a duƙe kamar mai shara, gashi ya rufe mata ido, ɗana na lilo a bayanta. Inna kuwa na tsaye a kanta, hannu ɗaya a ƙugu, yatsa a miƙe, baki buɗe tana faɗa. Duk masifar da na haɗo ta bi iska.

Ashe mai masifar na gefena. Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa zanen, ta tafa hannu.

"La'ilaha! Wannan wane irin ɗauri ne? Dubi majanyi a kwance, wuyan yaro ya karkace. Yanzu duk mai wucewa zai ce ni na koya mata haka? Ke, faɗa mata ta gyara!"

Na fassara, mutane na kallonmu. Madam ta yi ja har kunne, ta ce ai haka ta ɗaura shi ranar, ba ta son ta zana ƙarya. Inna ta sake duban zanen sama da ƙasa.

"To ta rubuta a ƙasa cewa ranar farko ce."

Nan take Madam ta ari alƙalami ta rubuta a gefen allon. Sai da na karanta wa Inna, sannan ta yarda ta sha ruwa.

Ba zan ce zargina ya tafi ba. Ko a hanyar komowa ina ta saƙa wa za ta sayar wa, a ɗakin wa uwata za ta ƙare. Har gobe in na shiga gidan tarihi sai na duba wa ke tsaye.

Bayan shekaru kaɗan Allah ya yi wa Inna rasuwa a gida, ban samu ganin gawarta ba. Ina cikin zaman makoki aka ƙwanƙwasa. Madam ce, ta jingina allon a bangon ɗakina, ta ce da Hausarta ta koyo, "Sannu, sai haƙuri." Ta juya ta tafi tana share ido.

Ina da hotunan Inna da yawa a waya, duk ta ƙame ta haɗe fuska kamar za a yi mata fasfo. A wannan kaɗai take yadda na san ta. Wani lokaci in kewarta ta taso mini, sai in je in tsaya daidai inda yatsan nan ke nunawa, in bar ta ta yi mini faɗa.