Gayyar da ta cinye tallafin Belmiro

Ran da aka yi gayyar kaɗar zaitun ɗin Ti Amadeu, wani dattijo a ƙauyenmu, sanyi ya kwana yana aiki. Da gari ya waye raɓa ta daskare a kan ciyawa, ta yi fari fat, ruwan kwamin dabbobi ma sai da aka fasa shi da dutse. Rana ta fito, amma ba ta da wani ƙarfi. Belmiro yana cikin waɗanda suka haura tudu da doguwar sanda a kafaɗa, hular ulu har kunne.

Tun yana saurayi Belmiro yake aiki a kamfanin yankan katako da ke bakin hanyar garin Mirandela. Mutum ne marar hayaniya. Injin ya ci masa yatsu biyu na hagu, ƙarar zarto kuma ta toshe masa kunne, sai ka ɗaga murya yake jin ka. Ya ba hamsin da bakwai baya lokacin da kamfanin ya karye, aka sallame su gaba ɗaya.

Ya je ofishin neman aiki a birni ya yi rajista. Tunda an daɗe ana yankar albashinsa ana zubawa a asusun gwamnati, sai aka sa masa tallafin rashin aiki, kowane wata wani abu ya shigo, bai kai albashi ba amma yana riƙe gida. Ma'aikaciyar da ke kula da shi, Dona Graciete, ta karanta masa sharuɗɗa. In an kira shi ya zo. Ya riƙa neman aiki yana kawo shaida. Kada ya yi wa kowa aikin lada a ɓoye. Ta kuma gaya masa abin da ya fi komai faranta masa rai, cewa mai shekarunsa in ya ci tallafin har ƙarshe bai samu aiki ba, ana iya ba shi fansho da wuri.

A kan wannan shi da matarsa Deolinda suka ɗora rayuwarsu. Su lallaɓa, su kai ga fansho, su tsufa a gidansu. Rabin ƙauyenmu yana Faransa, 'yarsu ma tana can da mijinta, Belmiro kuwa ya sha cewa ƙafarsa ba za ta taka can ba.

Shaidar neman aiki ita ce ka shiga shago ko kamfani ka tambaya, su ce babu, su buga maka hatimi a takarda. Wa zai ɗauki kurma mai yatsu takwas? Amma yana zagayawa. Har shagon shan kofi na abokinsa Aníbal yakan je.

"Injiniya ya iso," in ji Aníbal. "Yau wane muƙami kake nema, manaja ko akanta?"

"Buga mini abin ka zubo kofi, ɓarawon banza."

"Kai kaɗai ne mutumin da nake kora daga aiki kullum, kuma ya biya ni kuɗin kofi."

Belmiro yakan yi dariya, amma in ya fito sai ya ninke takardar ya tura can ƙasan aljihu kamar abin kunya.

A wajenmu in lokacin zaitun ya yi, gayya ake yi. Yau a gonarka, gobe a tawa, yini a madadin yini, ba a kawo zancen kuɗi. Mai gona ya dafa kifi busasshe da dankali, ya kawo ruwan inabi, in an dawo daga matsar man zaitun kuma ya aika wa kowa da ɗan tulun mai. Ti Amadeu ya tsufa, ƙugunsa ya karye a bara, 'ya'yansa duk suna waje. Shi ya riƙe Belmiro a coci ranar baftisma, kuma shekarun da mahaifin Belmiro ya yi a kwance, shi ya riƙa nome musu gona da alfadarinsa. Tsohon bai ma aiko wa Belmiro ba. Ya dai faɗa a bakin coci cewa ran Talata zai kaɗa zaitun ɗinsa.

"Kai mutumin nan, ka manta abin da matar ofis ta ce?" in ji Deolinda.

"Aiki ta ce. Wannan gayya ce."

"Su sun san gayya?"

"In zauna a bakin murhu ina jin ƙarar sanda a gonar Ti Amadeu? Da wane ido zan dube shi ran Lahadi?"

Ta ɗauko masa safar hannu.

Ran gayyar, wajen hantsi aiki ya yi nisa. An shimfiɗa raga ƙarƙashin bishiyoyi, maza na kaɗawa, mata na tsincewa. Sai ga farar mota ta tsaya a bakin hanya, mutum biyu suka fito, namiji da mace, masu binciken ma'aikata. A irin wannan lokaci sukan zagaya manyan gonaki inda ake ɗaukar 'yan ƙwadago ba rajista. Wani ɗan'uwan Aníbal, wanda shi ma tallafi yake karɓa, ya yi fito ya tsallake katanga ya ɓace. Belmiro yana saman tsani ya ba su baya, bai ji komai ba. Sai da aka girgiza tsanin ya waiwayo.

"Barka da aiki, Senhor. Aiki kake yi a nan?"

"Me ka ce?"

"Na ce aiki kake yi?"

"To rawa ka ga ina yi?" in ji Belmiro, yana murmushi, don ya zaci masu sayen mai ne.

Suka karɓi katinsa, suka rubuta suna. Sannan suka juya wajen Ti Amadeu, wanda ke zaune a kan kujera da bargo a gwiwa. Macen ce ta tambaye shi, cikin ladabi, ko yana ba mutanen nan wani abu, ko kuwa kyauta suke yi masa.

Da ya ce kyauta ne, da wataƙila maganar ta mutu a nan. Amma baƙi ne daga birni, a gaban mutanen ƙauye, suna tambayarsa ko shi mai cin gumin mutane ne a banza. Tsohon ya dogara sanda ya miƙe.

"'Yata, ki tambayi duk ƙasar nan. Ba wanda ya taɓa yi wa Amadeu aiki ya koma gida hannu sake. Kowa da tulun mansa. Wannan kuwa," ya nuna Belmiro, "biyu nake ba shi, don aikin mutum biyu yake yi. Kowace shekara."

Suka rubuta, suka karanta masa, ya sa hannu yana alfahari. Aka ci kifi, aka koma kaɗawa. Deolinda ce kaɗai ta kasa cin komai.

Bayan Kirsimeti aka kira Belmiro ofis. Dona Graciete ba ta ɗaga masa murya ba sai don ya ji.

"Senhor Belmiro, ni ban ce kai macuci ba ne. Amma an same ka kana aiki, mai gona kuma ya ce yana biyan ka. Mai ma lada ne a wurin doka."

"Ubana ne na baftisma, Dona Graciete."

"Na sani."

"To in dawo da man? Ko buɗe shi ba mu yi ba."

Ta sunkuyar da kai. An soke tallafin. Abin da ya karɓa tun daga ranar gayyar zai mayar. Kuma tunda soke shi aka yi, ba ƙarewa ya yi ba, maganar fansho da wuri ta tashi. Sai ya jira cikar shekaru kamar kowa, shekarun kuwa da saura sosai.

Labari ya kai wa Ti Amadeu. Washegari ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, aka ɗora shi a bas, ya je ofishin da kansa. Ya tsaya a gaban tebur, hula a hannu, ya ce, "Ƙarya na yi. Ba na ba shi komai. Ban taɓa ba kowa komai ba, a banza nake sa su aiki." Aka ba shi kujera da ruwa, aka ce masa ana iya ɗaukaka ƙara, amma maganar farko ita ce ya sa wa hannu. An ɗaukaka ƙarar. Amsa ta daɗe ba ta zo ba, da ta zo kuma ba ta canja komai ba.

Belmiro bai daina gai da tsohon ba, sai dai tsohon ne ya daina fitowa bakin coci. Ya rasu bai ga wata kakar zaitun ba.

Daga nan Belmiro ya shiga neman aiki na gaske. Ya je wurin masu fasa dutse, ya je gidan matsar mai, ya je wurin masu gyaran hanya. Kowa ya dubi hannunsa, ya tambayi shekarunsa, ya ce za a neme shi. Ya yi ƙwadagon yini-yini a gonakin inabi, abin bai riƙe su ba. Suka sayar da tumaki. Deolinda ta fara wanke wa likita gida a birni. Da kaka ta zagayo, surukinsa Horácio, mijin 'yarsu, ya bugo waya daga Faransa ya ce akwai gurbin lebura a wurin ginin da yake aiki, ba sa tambayar shekaru.

Ran da zai tafi ya biya shagon Aníbal da jakarsa. Aníbal ya zuba masa kofi, ya ƙi karɓar kuɗi.

"Ka dai dawo da Faransanci, Injiniya."

"Na nan ma ban ji ba, balle nasu."

Yanzu Belmiro yana wani gari kusa da Lyon a Faransa, yana ɗaukar bulo, yana kwana a ɗakin jikokinsa. Ya haura sittin, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Deolinda tana nan ƙauye ita kaɗai a gidan. Yakan zo a watan Agusta.