Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Ƙarasawa

Ni ba mutumin silima ba ne. Wanda ya wuni yana tuƙa motar haya tsakanin Beltsville da filin jirgi a nan jihar Maryland, in ya samu kujera mai laushi aka kashe fitila, barci kawai zai yi. Amma 'yata Nafisa, da take jami'a, ta matsa mini wata Asabar sai na raka ta kallon wani fim na mutanen Iran a wajen Takoma Park. Na bi ta don kar a ce tsoho ya cika gardama.

Ban yi barcin ba. Labarin wata mai ɗinki ne da hukuma ta ɗauke mijinta saboda ya faɗi abin da ba a so a ji, bai kuwa dawo ba. Bayan shekaru, matar wanda ya kai sunansa ta kawo mata ɗinkin kayan bikin 'yarsu, ba ta san gidan wa ta shigo ba. Mai ɗinki ta shimfiɗa yadin, ta ɗaga almakashi, ta tsaya. Nan fim ɗin ya ƙare.

Nafisa ta fito tana mita da Turanci, wai an bar ta a rataye. Ta ce masu shirya finafinan can ba su da damar faɗin magana kai tsaye, ana kulle wasunsu, shi ya sa suke naɗe ta cikin labari. Na yi dariya na ce, "Kakata ta riga su."

A Damagaram na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Kaka Zuwaira. Da an idar da magariba, kafin garwashin tuwo ya mutu, sai mu jikokinta mu kewaye murhu. Tana kankare tukunya tana raba mana ƙanzo, ni kuma tana tsokanata. "Matso nan, maigida," take ce mini. "Ban taɓa ganin mijin da bai iya komai ba sai cin ƙanzo." Tatsuniyoyinta suna da yawa, kowace da ƙarshenta, ban da guda ɗaya.

"Ga ta nan, mai kunne ya matso," haka take buɗe ta. Wai Shaho ya zama sarkin tsuntsaye, ya hana kowa kuka da safe. Mijin Kurciya ya ga hatsin da aka tara don masu yunwa yana sulalewa gidan Shaho, sai ya hau reshe ya yi kuka, duk daji ya ji. Shaho ya ce a nemo mai muryar. Hazbiya, maƙwabciyarsu, ita ta nuna sheƙar. Aka tafi da mijin Kurciya, ko gashinsa ba a sake gani ba. Ana nan ana nan, aka yi fari, Hazbiya ta faɗo ƙofar Kurciya da karyayyen fiffike tana neman ruwa. Kurciya ta fito, taɓarya a hannu ɗaya, ƙwaryar ruwa a ɗayan.

A nan Kaka take tsayawa, ta ce wuta ta mutu, kowa ya tashi.

"Kaka, ta kwaɗa mata taɓaryar?"

"Ban kai wurin ba tukuna, maigida."

Haushi nake ji sosai. Ni a lokacin taɓarya nake so, kuma in an bar ni da ni zan ɗaga mata ita.

Sai da na girma mahaifiyata ta warware mini. Mahaifinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a zamanin mulkin soja. Ya rubuta takardar koke kan hatsin taimako da ake karkatarwa, wani saurayi maƙwabcinsu, Habu, ya buga masa ita da tafireta a ofishinsu. Jandarmomi suka fara kama Habu. Bayan kwana uku suka sake shi, suka zo suka tafi da kakana gidan kaso can arewa, inda ya rasu. Habu ya bar garin. Kaka ba ta da bakin faɗin wannan a fili a wancan zamani, sai ta sa masa fukafukai. Har ta koma ga Allah ba ta ƙarasa ba.

Wata biyu bayan kallon fim ɗin nan, limaminmu ya kira ni ina kan hanya. Mu uku ne cikin jama'armu muka iya wankan gawa. A ƙasar nan gidan ajiye gawa ɗaki suke ba ku da 'yan awoyi, in ba ku kawo mai wanka ba sai jana'iza ta yi ta jira. Ɗayanmu ya tafi ganin gida, ɗayan yana kwance ba lafiya.

"Malam Isuhu, an yi rasuwa a Largo," in ji liman. "Wani dattijo ne ɗan garinku, ya zo jinya wurin ɗansa. Alhaji Habu Tafireta ake ce masa. Gobe da safe muke so a yi masa sutura."

Na gangara gefen titi na kashe mota. Ga ramuwa ta zo har hannuna, ba sai na taɓa kowa ba. In ce ba zan yi ba, in faɗi dalili, kafin la'asar duk mai jin Hausa a Maryland ya san ko wane ne shi, 'ya'yansa su yi ta sunkuyar da kai a masallaci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan tunani. Da na ce wa liman zan zo ma, ba don kirki ba ne. So nake in ga fuskar mutumin.

Fuska ce irin ta kowane tsoho. Ɗansa Mustafa, wanda bai san ko ni wane ne ba, shi yake zuba mini ruwa. Na yi wa mamacin alwala, na lura yatsun hannunsa na dama a karkace suke, na ɗauka tsufa ne. Sai da muka juya shi don in wanke gefen dama na ga bayan. Tabon bulala ne, wani kan wani, tun daga kafaɗa har ƙugu, tsofaffi, sun yi fari.

Mustafa ya dakata da zuba ruwan. "Kawu, mene ne wannan? Wallahi ban taɓa ganin bayan Baba ba. Ko a asibiti sai ya kore ni kafin a canza masa riga."

Kwana ukun nan nake lissafawa a raina. Shekara da shekaru ina ce wa mutumin nan maci amana, ban taɓa tambayar kaina abin da aka yi masa kafin ya buɗe baki ba. Ni da allurar likita take sa ni rufe ido, kwana nawa zan yi? Na ji kunya, na ji tausayi, na wanke bayan nan a hankali kamar zai ji zafi.

Yanzu nake ganin Kaka ba rowar labari take mana ba. Rabin abin ta sani, kuma ta ƙi yanke hukunci a kan rabi, ta kuma ƙi ɗora wa yara gaba su girma da ita. Masu fim ɗin can ma ina jin abin da ya tsayar da almakashinsu ke nan.

Ƙa'idar mai wanka ita ce ya rufe duk aibin da ya gani. Bayan mun dawo daga maƙabarta na tambayi liman, ya ce wannan ba aibi ba ne, shaida ce. Na zaunar da Mustafa na faɗa masa komai, muka yi kuka tare, ya ce in gaya wa duk wanda ya kamata ya ji.

Na kira mahaifiyata a Damagaram. Ta haura saba'in, kuma ban taɓa jin sunan Habu ya fito daga bakinta ba tare da tsaki ba. Na faɗa mata abin da idona ya gani.

"Ashe shi ma sun taɓa shi," ta ce.

"Sun taɓa shi, Inna."

"Ka wanke shi da kyau?"

"Da kyau."

"To. Matarsa tana da rai?"

Na ce tana nan, tana takaba a Largo.

"Karɓo mini lambarta," in ji ta. "Ban yi mata gaisuwa ba."