Yadda Muka Kwana a Yanbu Ba Mu Shirya Ba

Madina

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Alhamis muka bar ƙofar gidanmu a unguwar Ƙurban, ni da Inna mahaifiyata. Tana 'yar shekara bakwai jirgin ruwa ya sauke ta a Yanbu tare da iyayenta, ba ta kuma sake komawa ba. Yanzu idonta yana tafiya. Da hantsi tana gane fuska, amma rana na sunkuyawa sai duhu, likita kuma ya ce kada in sa rai da gyara. Shi ya sa na rufe shagon turarena, na ce sai ta ga tsohon garin da rana tsaka, mu juyo a ranar.

Bari in faɗi kuskurena tun da wuri. Shekara ashirin ina saye da sayarwa, ban taɓa ɗaukar shatar motar baƙo ba sai mun yanke magana: ina za mu, ƙarfe nawa, wa zai hau. Amma direban nan, Malam Sale, mutumin Maraɗi ne, mijin maƙwabciyata. Ina fara zancen sharaɗi ya kama baki.

"Haba Hajiya Rabi! Inna ai uwata ce."

Don kunya na miƙa masa riyal ɗari bakwai ba sharaɗi.

Maimakon ya yi yamma sai ya yi arewa, unguwar Bani Harisa. "Daƙiƙa ɗaya, Hajiya." Katan goma sha ɗaya na yaji, kuka da garin ɗanwake aka loda, har ƙarƙashin ƙafar Inna. Bakwai da rabi muka bar Madina.

Badar

Kilomita ɗari da hamsin, muka iso tara da kwata. A shingen bincike jami'i ya duba takardunmu, minti biyu ya sallame mu. Hukuma ba ta ɓata mana lokaci ba, ɗan gida ne ya ɓata. Wai wanda zai karɓi katan uku daga cikin kayan yana wurin aiki, sai ya tashi. Muka zauna a shagon wani Bayamale, wake da gurasa da shayi riyal goma sha biyu. Har muka yi azahar a nan.

"Malam Sale, ka san idon Inna da yamma."

"Na sani wallahi. Yanbu ai ga ta nan, kilomita casa'in kacal."

Rayis

Ƙarfe biyu ya kauce hanya ya shiga wannan ƙaramin garin masunta. Ba laifi, wurin yana da kyau: ruwa garau, kwale-kwale jere, an ce akwai kufan tsohuwar tashar jiragen ruwa kusa. Ban ga kufan ba. Abin da na gani Malam Sale ne tsugune yana taya kifi awa biyu, cinikin da ni zan gama kafin shayi ya huce. Na ce masa, "Motar nan shatarta na ɗauka, ba haɗin gwiwa muka yi ba."

Inna ta taɓa ni. "Bar shi, Rabi, neman abincinsa yake."

Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Yanbu

Ƙarfe biyar muna bayan matatun mai, yana bin masaukin ma'aikata ɗaki ɗaki yana raba yaji. Na fita neman wata mota, babu ko ɗaya a wajen. Shida saura minti biyar ya tsaya da mu a bakin tsohon gari, yana murmushi: "To, ga mu lafiya!"

Inna ta sauko, ta juya dama, ta juya hagu. "Rabi, ina jin warin teku. Ta wane gefe yake?"

Yana gabanta. Na sauke jakarmu, na ce da Malam Sale ya tafi, ban kuma rage murya ba. Muka kama ɗaki kusa da kasuwa, riyal ɗari da tamanin, famfonsa yana yoyo.

Juma'a ƙarfe bakwai na riƙe hannunta muka taka da ƙafa. Gidajen dutsen teku ne masu tagogin katako, wasu an gyara an sa gidan gahawa, wasu sun zube. Ta tsaya a wani lungu tana kallon sama.

"Ga tagar can, ina ganinta. Wata mata ta zuro mana ruwa da igiya daga irinta. Babana ya sa na fara sha."

A bakin ruwa ta daɗe tana ƙirga jirage da yatsa. Ta ƙirga huɗu. Shida ne, ban gyara mata ba.

Komawa

Motar haɗa-ka muka hau, riyal sittin kowa, bayan na tambayi direban sau biyu ko zai tsaya a hanya. Ɗaya da rabi muka tashi, huɗu da kwata muna Ƙurban.

Na gode wa Allah da ya ara wa Inna safiyar nan. Na gode wa mai masaukin da ya ba mu ɗakin ƙasa saboda ƙafarta. Malam Sale kuwa, Inna ta aika masa da dabino, ta ce in kai da kaina. Na kai. Na ajiye a bakin ƙofa, ban yi sallama ba.