Ranar da Na Niƙa Gawayin Dutse

Bari in faɗa da bakina kafin maƙiya su riga ni: a wannan labari ni ne wawan. Shekara uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, mushe malaminmu ya sallame ni, ya ce kaina ya fi dacewa da gammo. Da wannan ilimin na tashi zan fid da ƙasa daga wahalar mai.

Injin niƙa gare ni a unguwarmu nan Dakoro. Shi ke ci da gidana, shi kuwa abincinsa gazuwal, wato man dizil. Shekarar da aka rufe iyaka, man da ke shigo mana daga kudu ya ɗauke. Masu sayarwa a kwalba suka koma sarakuna, ka gaishe su su amsa da hanci, in sun ba ka kuma rabinsa kananzir ne. Ni da furfurata nake yawo da bido, jarkar mai, kamar mai neman ruwa a rani. Mata su taho da hatsi tun daga Korahan a kan amalanke, in ce su koma sai gobe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata hantsi muna shayi a gindin itacen bedi, rediyo ya ce akwai ƙasashen da ke fid da mai daga gawayin dutse, har ma da wani dutse mai maiƙo a jikinsa. Na ajiye kofi. Gawayin dutse ai mun san shi, wanda ake kawowa daga arewa don mata su daina ƙone itace, ga buhunansa can jibge a shago ba mai so, don wuyar kama wuta. Na ce to wane irin sakarci ne wannan, mai yana kwance a buhu muna layi?

Akwai wani tsohon mushe mai ritaya a majalisarmu, shi ya so ya cece ni. Ya ce gaskiya ne ana yi, amma a masana'antar da ta fi kasuwar Dakoro girma. Ana dafa gawayin da zafin da babu maƙerin da ya taɓa ganin irinsa, a matse shi cikin tukwanen ƙarfe, a shayar da shi ruwan da zai ishi shanun Azagor. Ya ce ko masu yin ba sa cin riba sai ɗanyen mai ya yi tsada ƙwarai, ran da ya sauka kuwa su shiga uku. Duk wannan ya bi ta bayan kunnena. Kalma biyu na ɗauka, dafawa da matsewa, kuma na san inda ake yin su kullum: tsakar gidana.

Mai ɗakina sana'arta man gyaɗa. Shekara da shekaru ina kallo: a soya, a niƙa, a zuba a turmi, a yayyafa ruwan zafi, a yi ta juyawa har mai ya taso. Na ce da kaina Turawa ɓoye mana abu suke da manyan kalmomi, asirin dai na ƙuli-ƙuli ne.

Na sayo rabin buhu. Da ta gane nufina ta ce turminta dai ban isa ba, ta kulle shi a ɗaki. Na ce ba komai, annabawa ma a gida aka fara ƙaryata su. Na soya gawayin a kasko, hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kori awaki daga garke. Sannan na farfasa shi da guduma na ɗauka sai rumfar inji.

Gazuwal ɗin da ya rage mini bai fi na niƙan yini biyu ba. Na zuba, na tada inji, na fara ɗura gawayi. Allah ya sani injin nan ya yi mini nasiha. Ya yi tari, ya yi kuka kamar jaki, farantan niƙa suna tartsatsin wuta. Na ƙara masa wuta. Da azahar na samu baƙin gari tiya uku, na zuba a rabin tano, wato gangar ƙarfe, na kwarara tafasasshen ruwa, na sa muciya ina juyawa har kafaɗata ta sage. Na tsuguna ina leƙen mai. Abin da na gani baƙin kunu ne, da wani tsoho a cikinsa yana kallona.

Da a nan abin ya tsaya, da na rufe bakina har kabari. Amma washegari sunan jikan taubashiyata ne, ɗiyar kawuna, wadda tun muna yara ba ta bar ni na sha ruwa ba. Da la'asar ta aiko da geron fura da na tuwo, kwarya huɗu. Na wanke injin da dusa sau ɗaya, na ce ya isa. Farantan sun riga sun cinye, sai ɓarza suke, ga ƙurar gawayi a kowane lungu. Garin ya fito toka-toka. Na ce wa kaina hasken yamma ne.

Ranar suna baƙi daga Rumbu suka sa fura a baki, ƙasa na ƙaras-ƙaras a haƙori, suka ajiye ludayi cikin ladabi. Kafin a raba goro labari ya gama unguwa. Sati guda ba kwarya ko ɗaya a ƙofar rumfata, duk sun koma injin bayan tasha. Na zauna ina korar ƙuda, mai ɗakina ta ajiye mini tuwo ta wuce abinta.

Na ga in taubashiyata ba ta dawo ba, ba macen da za ta dawo. Na sa babbar riga na tafi ba ta haƙuri. Na tarar da ita a tsakar gida cikin mata suna sussukar gero, duk masu kawo mini niƙa a da. Na fara da haƙurin, amma kafin in kai ƙarshe zuciya ta ɗebe ni. Na ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ƙasa ce ga gawayi a ƙarƙashinta, ga mai, amma tsoho irina ke yawo da bido. Na ce masu karatun da suka cika biro-biro na gwamnati suna shan iska, da sun yi aikinsu da ban taɓa gawayi ba. Na ce ni dai na gwada, su fa? Da a hannuna ragamar take, wallahi da an ga aiki.

Ta jingine taɓarya, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai, bawan gidanmu, inji guda tak anka ba ka, ka ciyar da unguwa gawayi," in ji ta. "Mu dai mun gode Allah da ba a ba ka ƙasar ba."