Allurar da Ta Shiga Jikin Bawa

A Masama ta ƙasar Gwandu babu wanda bai san Bawa ɗan tauri ba. Manomin albasa ne kamar ubansa, amma tun yana saurayi ya sha maganin ƙarfe. Tsohon da ya ba shi ya kafa masa sharaɗi guda: kada allurar asibiti ta taɓa shiga jikinsa, ranar da ta shiga magani ya karye. Shekara goma sha biyar Bawa yana goga wuƙa a cikinsa gaban jama'a ba ko ƙwarzane. Asibiti kuwa, ko inuwarta ba ya bi.

Wannan suna ne abincinsa. Alhaji Atiku na Kalgo, mai fataucin albasa zuwa Abijan, ya ɗauke shi rakiyar mota saboda 'yan fashi, kuma da aikin yake riƙe da matarsa Kubura da 'ya'ya biyar.

A shekarar 1987 cutar shawara ta ɓarke, aka tsananta bincike a iyakoki. Wanda ba shi da katin rigakafi, mai ruwan ɗorawar nan, ba ya ƙetarewa. Bawa ya tafi wurin Yusufu, wani siririn malamin asibiti a Kalgo.

"Malam, buga mani hatimi in tahi," in ji Bawa.

"Sai ka miƙo hannu tukuna. Sauron kurmi bai san tauri ba."

"Mi kac ce?"

Kafin Yusufu ya maimaita, mari ya kai shi ƙasa. Bawa ya kifar da tebur, kwalabe suka tarwatse, ya shaƙe shi har idanunsa suka firfito. Yusufu ya tofar da haƙori da jini, ya ƙanƙame hatiminsa cikin aljihu, ya ƙi saki. Sai da mutum uku suka ɓamɓare Bawa daga wuyansa.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ari katin ƙanensa Usman. Gogan naka bai san boko ba, a ganinsa kati kati ne.

Shi da direban motar albasa sun wuce iyaka biyu lafiya. A ta ƙarshe wani ma'aikacin lafiya ya haɗa katin da takardar shaidar Bawa, ya ga suna daban. Direba ya yi tafinta: za a yi masa allura nan take. Da Bawa ya ga an ɗauko ta, sai ya gabza wa mutumin kai a hanci. Masu gadi huɗu suka rufe shi da kulake, ga shi maganinsa na ƙarfe ne, ba na itace ba. Suka fasa masa goshi, suka karya haƙarƙari biyu, ɗaya ya danne wuyansa da gwiwa cikin ƙasa. Bawa yana gani aka kafa masa allura a dantse. Ta shige sumul kamar cikin dafaffen dankali.

Dukan bai dame shi ba. Ɗigon jinin da ya fito a bakin allurar, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ya sa ƙato kuka, kukan tsoro, wanda bai taɓa yi ba.

Direba kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin Bawa ya warke, labari ya gama Kalgo da Gwandu, har Alhaji Atiku ya fara cigiyar wani ɗan rakiya.

Bayan girbi aka yi wasan tauri a Malisa. Da la'asar makaɗi ya hango Bawa cikin 'yan kallo, ya juya kiɗa kansa, yana kiran sunansa da na ubansa. Kubura ta riƙe masa riga.

"Don Allah kak ka shiga. Mu tahi gida."

Ya fizge. In bai shiga ba, aiki ya tafi, suna ya tafi. Ya karɓi wuƙa, ya ɗora a hannun hagu, ya ja da ƙarfinsa duka yadda ya saba.

Ta yanka har ƙashi. Jini ya yi tsartuwa har kan gangar, kiɗa ya tsaya, mata suka ɗora hannu a ka. Kubura ta tuɓe ɗankwalinta tana ɗaure masa hannun, wanda bai sake riƙe fartanya ba. Bawa ya dube ta kamar bai san ta ba.

"Kubura," ya ce a hankali, "ko dai tun can haka jikina yake?"